Langa a Wheaton: Tarihin Fitarmu Shan Iska

Cikin kwamitocin ƙungiyar nan tamu babu wanda aka raina kamar kwamitin fita shan iska. Idan za a raba muƙamai kowa kwamitin ilimi yake so, ko na hulɗa da ofishin jakadanci, domin su ake iya rubutawa a takardar neman aiki. Shi kuwa na shan iska, wanda bai zo taro ba ake liƙa wa. Ni ma ba na nan aka ba ni shi, na kuma riƙe shi har na gama karatu. Da masu shirya wannan mujalla ta tunawa suka ce in rubuta tarihinsa sai na ɗauko littafin taro, na tarar abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: kuɗin gawayi, kuɗin hayar rumfa, sai doguwar gardama a kan wanda ya tafi da kular Hajiya bai dawo da ita ba. Amma ku duba hotunan da ke cikin mujallar nan ku ƙirga. Mafi yawansu a kan ciyawa aka ɗauke su.

Sababbin zuwa kan tambaye ni me ya sa sai Wheaton, ko Witin kamar yadda bakinmu ya mayar da shi, alhali a warwatse muke, wasu a Howard, wasu a College Park, wasu ma can Baltimore. Dalilin ba wani mai zurfi ba ne. Lokacin da aka fara, haya a can ta fi ta cikin Washinton sauƙi, sai manyanmu masu iyali suka tare a can, inda tukunya take kuwa nan ɗalibi yake. Ga kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa na jan layi, wanda aka buɗe tasharsa ta Wheaton ranar 22 ga Satumba, 1990. Matakalar tashar nan mai tafiya da kanta ita ce jarrabawar farko ga duk baƙo. Tsawonta ƙafa 230, wajen mita 70 ke nan, a miƙe ba yankewa, babu irinta a nahiyar Amurka duka, ta arewa da ta kudu. Kusan minti uku mutum yake yi a kanta. Na ga ƙato mai digiri na biyu ya ƙanƙame abin riƙewa da hannu biyu, bakinsa yana motsi, bai buɗe ido ba sai da aka ce masa an iso.

Sunan garin ma daga yaƙi ya samo asali. Da can Mararrabar Mitchell ake ce masa. A watan Yulin 1864, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, rundunar 'yan kudu masu kare bauta ƙarƙashin Janar Jubal Early ta gangaro ta hanyar da yanzu ake kira Georgia Avenue, har ta kai ganuwar Fort Stevens a bakin Washinton. Shugaba Lincoln da kansa ya je kallo, harsasai suna wucewa ta kusa da shi. Cikin waɗanda suka kore su akwai Janar Frank Wheaton, shi ne a 1869 shugaban gidan wayan wurin, wanda tsohon soja ne, ya sa wa gidan wayan sunansa. Duk wanda ya taɓa hawa bas a Georgia Avenue riƙe da buhun gawayi, a kan sawun wannan runduna ya bi.

Gandun shaƙatawar da muke zuwa, Wheaton Regional Park, a farkon shekarun 1960 aka buɗe shi, faɗinsa ya haura eka 500. A ciki akwai lambun furanni na Brookside da aka buɗe a 1969, shiga kyauta, akwai ɗan tafki da dinyoyin Kanada suka mayar gadon ubansu, da ƙaramin jirgin ƙasa na yara da ke zagaya daji, da lilon dawaki. Za mu dawo kan lilon nan.

Fitar farko ba wasa aka je yi ba, nama aka je ci. Bayan Babbar Sallah ce, an sami rabon layya, ba kuma wanda gidan hayarsa zai ɗauki hayaƙin gashi ba tare da ƙararrawar gobara ta tara mana jama'a ba. Da aka ci aka ƙoshi aka baje a inuwa, sai wani Bazazzage ya ce duk Kanawan da ke wurin ba mai iya tsayawa da ƙafa ɗaya saboda tumbi. Kun dai san tsakanin Kanawa da Zagezagi. Kafin a ankara an tuɓe manyan riguna, an ja layi, an fara langa.

Ga waɗanda aka haifa a nan: mutum zai lanƙwasa ƙafa ɗaya ya kama ta da hannu, ya yi ta tsalle da ɗayar yana ture abokin karawa. Wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita. Kowane ɓangare yana da ruwa, wato wanda ake karewa har ya kai inda aka shata. Ba wasan banza ba ne, yana cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a gasar wasanni ta ƙasa a Najeriya tare da dambe da kokawa. Amma a ranar nan muka gane kowane gari da dokarsa. Abin da Basakkwace ya ce keta ce, Bakatsine ya ce dabara ce. Ana cikin wannan ihu sai ga wani ma'aikacin tsaro ya tsaya nesa da mu, da alama wani ya sanar da shi ana faɗa. Babbanmu na lokacin, wanda muke ce wa Baba duk da bai fi mu da shekara goma ba, ya je ya yi masa bayani. Mutumin ya daɗe yana kallo, sannan ya kama ƙafarsa ya gwada, tsalle uku ya yi ya dire. Da tsire a takarda ya tafi.

Dara ita ta fi ba mu wahala, domin a ƙasar nan ciyawa tana da doka. Ba yau aka fara ba: a 1876 majalisar dokokin Amurka ta hana yara wasa a kan ciyawar harabar majalisa saboda suna lalata ta, sai a 1878 Shugaba Hayes ya buɗe musu ta fadar White House, abin da ya zama al'adar mirgina ƙwai da ake yi har yanzu a bikin Ista. To ƙasar da majalisa ta zauna a kan ciyawa, kai wane ne da za ka tona gurbi 30 a cikinta? Wani ɗan Maraɗi mai karatun injiniya ne ya warware mana. Ya zo da kiret ɗin ƙwai, irin na kwali, ya ce mu ƙirga. Biyar sau shida, gurbi 30 cif. 'Ya'ya 12 na wannan ɓangare murafun kwalba, 12 na wancan ƙwallon dabino. Shi da 'yan uwansa na Nijar dili suke ce mata, kuma gaskiya ɗaya ce, sun fi mu iyawa. Za ka ga mutum ya jera uku ya cinye maka ɗa yana shan shayi, ko kallon allon ba ya yi.

Daga maƙwabtan rumfa muka koyi nasu wasannin. Akwai wanda muka raɗa wa suna jefa-masara: alluna biyu masu rami a sama, tsakaninsu ƙafa 27, sai a riƙa jefa 'yan jakunkuna cike da masara. Wadda ta faɗa rami maki 3, wadda ta tsaya a kan allo maki 1, wanda ya fara kai 21 ya ci. Ranar da Hajiya ta ji abin da ke cikin jakar sai ta yi salati, ta ce, "Yanzu ku da hankalinku abinci kuke jifa?" Sai da aka nemo masu 'ya'yan roba a ciki kafin ta yarda jikokinta su taɓa. Mun gwada jifan takalmin doki, muka bari bayan ya kusa raba ma'aji da babban yatsansa. Mun ma sayi kayan kuroke na hannu, wasan nan na buga ƙwallo da guduma ta ratsa 'yan ƙofofin waya, saboda wani ya je Annapolis ya ga karawar da kwalejin St. John's da makarantar sojan ruwa suke yi duk shekara tun 1983, ya dawo yana cewa wasan masu aji ne. Gudumomin suna nan, da su ake fasa ƙanƙara.

Babban sauyin da aka samu mata ne suka kawo shi. Shekarun farko su ke kan tukunya da wanke-wanke, mu muna tsalle. Ran nan a taro wata 'yar Damagaram mai karatun likita ta ɗaga hannu ta ce wa shugaba, "Yaya, kuɗin watan da nake biya irin naka ne ko nawa ragi aka yi mini?" Ya ce iri ɗaya ne. Ta ce to daga yau wanda ya ci ya wanke. Aka yi dariya, aka kaɗa ƙuri'a, ta ci. Daga nan aka sami ragar kwallon hannu tasu, da carafke a kan tabarma, da 'yar gala-gala da alli a gefen wurin ajiye motoci, inda yaran Habashawa da na mutanen Salbado da ke zaune a unguwar suke shigowa layi ba tare da an gayyace su ba.

Sallah ma sai da aka koya. Baƙo yakan miƙe ya fuskanci gabas kamar yana Kano, alhali alƙibla a nan arewa maso gabas take, shi ya sa babban masallacin Washinton da aka buɗe a 1957 yake a karkace da titin da ke gabansa. Gandun kuma da faɗuwar rana ake rufe shi, a tsakiyar bazara rana ba ta faɗuwa sai bayan takwas da rabi. Saboda haka magariba ita ce wasan ƙarshe, ana sallamewa ana naɗe tabarmi.

Da aka sami masu motoci sai fitar ta yi nisa. Mun hau duwatsun Great Falls ta hanyar da ake kira Billy Goat, sunan da ya kamata ya isa gargaɗi, amma sai ga mutanenmu da kaftani da silifa. A gefen hanyar akwai tsohuwar magudanar jirage da aka fara haƙawa a 1828, mil 184 da rabi har Cumberland, wadda alfadarai suke jan jiragenta. An so a shimfiɗa titi a kanta, sai alƙalin Kotun Ƙoli William O. Douglas ya taka ta da ƙafa a 1954 don nuna abin da za a yi asara, a 1971 ta zama gandun tarihi na ƙasa. A bakin kogin Potomac ɗin nan ne 'yan uwanmu Fulani suke cika baki da Yarrow Mamout, Bafulatanin da aka sauke a Annapolis a matsayin bawa a 1752, ya sami 'yanci, ya mallaki gida a Georgetown, ya riƙe sallarsa, aka kuma san shi da gwanintar iyo. Barebarin cikinmu kuwa cewa suke da Babarbare ne da jirgi ya saya. Mun je Harpers Ferry, inda Nnamdi Azikiwe ya fara karatunsa na Amurka a kwalejin Storer a 1925. Mun koyi kaska, mun koyi ganyen nan mai uku-uku da ya fi karara ƙaiƙayi.

Shekarar 2020 ce ta nuna mana amfanin abin da muke yi. An rufe jami'o'i, an rufe masallatai, jirage sun tsaya. Ranar 6 ga Yuli aka sanar cewa ɗalibin waje da duk darussansa suka koma intanet sai ya bar ƙasar, sai da jami'o'in Harvard da MIT suka kai ƙara aka janye ranar 14 ga wata. Wanda ya yi kwana takwas ɗin nan a ɗaki shi kaɗai ya san yadda suke. Abin da ya rage mana shi ne waje. Sai muka riƙa bin hanyar rafin Sligo da ta taso daga gandun Wheaton, bibbiyu, da takunkumi, tsakani da tazara, ana hira da ɗaga murya kamar masu faɗa.

Bazarar da ta biyo baya kuwa ta ƙwari ce. Akwai wani ƙwaro mai jajayen idanu da ke kwana a ƙarƙashin ƙasa shekara 17 sannan ya fito gaba ɗaya. Ya fito a 2004, ya fito a 2021. Ba ya cizo, amma kukansa ya sa liman sai ya ɗaga murya. Mutanen Maraɗi suna ganinsa suka ce ai fara ce Allah ya kawo har gida, wani ma ya zo da yaji a aljihu. Wani Bakano ya ce shi bai taɓa jin farar da ta yi shekara 17 a kabari ba. Aka kai wa Malam, ya ce zai duba. Har yau yana dubawa.

Yanzu ga zancen lilo. Lilon da muka tarar a Wheaton tsoho ne, a 1915 aka ƙera shi, ya kuma yi shekaru yana juyawa a babban filin Mall na tsakiyar Washinton kafin a kawo shi nan. Wata rana muna layi da yaran membobinmu, wata dattijuwa baƙar Amurka da ta zo taron danginsu a rumfar kusa da mu ta tsaya tana kallon yaran. Muka gaisa. Ta ce lokacin tana yarinya ana wucewa da ita ta ƙofar Glen Echo, tana jin kiɗan lilo da ihun yara, ba a taɓa barin ta shiga ba. A cikinmu babu wanda ya san inda take nufi. Fita ta gaba can muka yi.

Glen Echo yana cikin gundumar Montgomery, gunduma ɗaya da Wheaton, a kusa da kogin Potomac. Shi ne babban gidan wasan mutanen Washinton na wancan zamani, da wurin iyo da aka gina a 1931, da zauren rawa, da lilon dawaki na 1921 wanda yake nan yana juyawa. Fararen fata kaɗai ake bari. A farkon 1960 ɗalibai baƙaƙe huɗu suka zauna a wurin cin abincin da aka hana su a Greensboro, abin ya bazu kamar wutar daji. Ɗaliban jami'ar Howard suka kafa tasu ƙungiyar, ranar 30 ga Yuni, 1960 suka nufi Glen Echo, wani ɗalibin sashen addini mai suna Laurence Henry yana jagora. Abokansu farare suka saya musu tikiti, su kuma suka hau dawakin katako suka zauna. Aka ƙi kunna lilon. Mai gadin wurin, wanda kuma yake ɗauke da lambar ɗan doka ta gunduma, ya kama biyar: William Griffin, Cecil Washington, Marvous Saunders, Michael Proctor da Gwendolyn Greene.

Ku tsaya ku dubi abin. Samari da 'yan mata sa'o'inmu, masu jarrabawa da bashin makaranta irin namu, sun shiga hannun hukuma a kan dokin katako. Suka yi ta zanga-zanga a ƙofar wurin duk tsawon bazarar, cikin zafin Washinton da kuka sani. Mutanen unguwar Bannockburn da ke kusa, farare, da yawansu Yahudawa, suka fito suka tsaya tare da su, 'yan jam'iyyar Nazi ta Amurka kuma suka zo suka tsaya a ɗaya gefen. Bazarar ce fa Nijar ta sami 'yanci ranar 3 ga Agusta, Najeriya ta biyo baya ranar 1 ga Oktoba. A watan Maris na 1961 masu wurin suka sanar kowa na iya shiga. Shari'ar mutum biyar ɗin ta kai Kotun Ƙoli, wadda ta wanke su a watan Yunin 1964. Ita Gwendolyn Greene daga baya ta zama 'yar majalisar dattawan jihar Maryland da sunan Gwendolyn Britt.

Da muka fara tono sai muka ga kusan duk inda muke baje tabarma haka yake. Bakin ruwan Sandy Point da muke zuwa gasa kifi, da aka buɗe shi a 1952 gida biyu aka raba shi, sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1955. Gidan wasan Gwynn Oak na Baltimore sai ranar 28 ga Agusta, 1963 ya buɗe ƙofa ga kowa, ranar da Martin Luther King ya yi shahararren jawabinsa a Washinton. A ranar aka ɗora wata jaririya 'yar wata 11, Sharon Langley, a kan lilonsa. Wannan lilon ne aka kai filin Mall a 1981, tsohon kuma ya taho Wheaton.

Akwai ɓangaren da ya shafe mu kai tsaye, wanda ba shi da daɗin ji. A shekarun nan jakadun sababbin ƙasashen Afirka suna bin hanya mai lamba 40 tsakanin New York da Washinton, gidajen abincin Maryland suna korar su. A watan Yunin 1961 aka hana jakadan Chadi, Adam Malick Sow, kofin gahawa, yana kan hanyarsa ta zuwa miƙa takardun kama aiki ga Shugaba Kennedy. Wata guda bayan haka Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi jawabi a majalisar dokokin Amurka. Gwamnati ta ji kunya, ta shiga lallashin masu gidajen abinci su riƙa karɓar baƙin Afirka. Sai 'yan jaridar Afro-American ta Baltimore su uku suka shirya dabara: suka yi shigar manyan baƙi, har da doguwar riga, suka ce daga wata ƙasar Afirka suke wadda ma babu ita a taswira. A wurare da dama aka ba su abinci. Wato baƙin da ya zo jiya da riga an buɗe masa, wanda kakanninsa suka nome ƙasar an rufe masa.

Ina kawo wannan ne saboda wata kalma da nake ji a bakin wasunmu idan ana zancen baƙaƙen Amurka, kalmar da muka aro daga 'yan uwanmu na kudu, ba kuma zan rubuta ta a nan ba. Mai faɗarta yana zaune a rumfar da ya kama da waya cikin minti biyar, ba wanda ya tambaye shi launinsa. Dokar da ta hana wariya a wuraren jama'a a 1964 da dokar shige da fice ta 1965 da ta buɗe wa irinmu ƙofa, ba mu muka sha duka a kansu ba. A ganina wanda bai san wannan ba bai gama rajista a ƙasar nan ba, ko da ya karɓi katin makaranta. Tun daga wancan lokaci kwamitin ya sa Glen Echo cikin fitar kowace shekara, kuma sababbin zuwa ake fara ɗorawa a mota.

Sau biyu ana kawo shawarar a soke kuɗin fita a mayar da shi na taron ƙara wa juna sani. Masu wannan ra'ayi ba mutanen banza ba ne. Hujjarsu ita ce iyaye sun sayar da gona, gwamnatoci sun biya kuɗin talakawa, ba don mu zo mu yi tsalle da ƙafa ɗaya ba, kuma hoton ƙato yana jefa masara idan ya isa gida ba zai yi kyau ba. Na ji wannan. Amma Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa, da filin wasa aka san ta, Sardauna kuma bai bar buga fayif ba har ya zama Firimiya. Ba wanda ya ce ya ɓata kuɗin En'e.

Hujjata ta gaske ma ba wannan ba ce. Akwai wani ƙaninmu, ba zan faɗi garinsu ba, wanda hunturunsa na farko ya kayar da shi. Ya daina zuwa aji, ya daina ɗaga waya, ya rufe labule. A makaranta ba wanda ya lura, a masallacin Juma'a ma sahu a cike yake ko da shi ko ba shi. Da aka fara fita a farkon bazara, ɓangarensu na langa suka ga ba su da ruwa, domin shi ne mafi saurinsu. Fita ta biyu ma babu shi. Mutum uku suka bar nama a wuta suka je suka yi ta buga masa ƙofa har ya buɗe. Abin da suka tarar ya sa washegari aka raka shi wurin likita, Hajiya kuma ta ɗauke shi ya yi wata guda a gidanta. Ya gama karatunsa, yana aiki a gida yanzu, shi ya aiko da wasu daga cikin hotunan nan. A taron lacca kujerar da ba kowa ba ta damun kowa. Da aka ba da wannan labari a taro, ba tare da suna ba, mai shawarar da kansa ya janye ta. An dai rage kuɗin nama, abin da har yau Zagezagi suke cewa makircin Kanawa ne.

Ga waɗanda suka gaji kwamitin: ku kama rumfa tun cikin hunturu, domin ranakun Asabar na bazara da wuri suke ƙarewa. Ragar kwallon hannu da gudumomin suna ɗakin ajiyar Baba. Kiret ɗin dara na yanzu shi ne na huɗu, ruwa ne ya ci na baya, ku sa shi a leda. Dokokin langa kuwa an taɓa naɗa mutum uku su rubuta su, Basakkwace da Bakatsine da ɗan Maraɗi, suka zauna sau biyu suka watse ba su yarda a kan ko ana canja ƙafa ba. Ƙwarin nan za su sake fitowa a 2038, wanda yake nan a lokacin ya tuna wa Malam.